Idan Kika Ga Jini Alhali Cikinki Bai Wuce Wata Uku Ba

Yawanci a banɗaki abin yake faruwa. Kin shiga kama ruwa don ki yi alwala, sai idonki ya faɗa kan ɗigon jini a jikin ɗan kamfai, ja ko mai duhu kamar ruwan shayi. Gabanki ya yanke ya faɗi. Wataƙila ma daga ke sai maigida kuka san da cikin, domin a wurinmu ƙaramin ciki abin ɓoyewa ne. Na fari kunya ke rufe shi, na baya kuma tsoron bakin mutane, ko gudun kada kishiya ta ji. Ga dare ya yi, ga ki tsaye da buta a hannu, ba wadda za ki tambaya.

Ki fara riƙe wannan: cikin mata huɗu masu juna biyu, kusan ɗaya tana ganin jini a makonni 12 na farko, kuma da yawansu sun wuce wurin sun sauka lafiya. Sai dai jinin shi kaɗai ba ya ba da labari. Akwai wadda za ta zubar har da gudaji, a yi hoto a tarar ɗa yana nan zuciyarsa na bugawa. Akwai kuma wadda ɗan ɗigo ne da ba ya ko ɓata zane, alhali cikin nata a wajen mahaifa ya zauna, ranta na cikin haɗari. Don haka ba a yanke hukunci da ido, ba a kuma yanke shi da labarin maƙwabciya. Tambayoyi uku ake bi, a jere: Ke kanki kina lafiya? A ina cikin ya zauna? Yana raye? Uwa takan fara da ta ukun, asibiti kuwa da ta farko yake farawa, kuma a nan asibitin ne da gaskiya.

Mataki na farko: ki duba ko wannan na tafiya yanzu-yanzu ne

Idan kin ga ko da ɗaya daga cikin waɗannan, ba a jiran gari ya waye:

- Jini yana jiƙa audugar mata sharkaf cikin awa ɗaya, kin canza ya sake jiƙa wata, ko manyan gudaji suna ta faɗowa.
- Ciwon mara mai tsanani, musamman idan ya tsaya a gefe ɗaya.
- Ciwo a saman kafaɗa, ba tare da kin bugu ko kin ɗauki kaya ba.
- Jiri, duhun gani idan kin miƙe, suma, gumi mai sanyi, zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu da cikin ido sun yi fari.
- Zazzaɓi, rawar sanyi, ko ruwa mai wari yana fita ta gaba.

Na kafaɗa shi ne mutane suka fi rainawa, don a ganinsu me ya haɗa kafaɗa da ciki? Ga abin da ya haɗa su. Ƙwai yana haɗuwa da maniyyi ne a cikin wani siririn bututu da ke gefen mahaifa, sannan ya gangara ciki ya samu wurin zama. A kusan ciki ɗaya ko biyu cikin 100, ƙwan yakan maƙale a bututun ya ci gaba da girma a can. Wurin ba ya buɗewa kamar mahaifa, saboda haka wata rana, galibi tsakanin sati na 6 zuwa na 10, sai ya tsage. Jinin ba ya fitowa waje sosai, cikin ciki yake taruwa, idan kuma ya taɓa shimfiɗar naman da ta raba ƙirji da ciki, a kafaɗa ake jin zafin. Wasu matan kuma su ji kamar bayan gida ya matse su, su yi ta zarya ba abin da ke fita, ko a ɗauka gudawa ce. Irin wannan ciki ba ya rayuwa, ba a kuma iya mayar da shi mahaifa. Abin da ake ceto shi ne ran uwa. Wadda ta taɓa yin irinsa, ko aka taɓa yi mata tiyata a mara, ko ta yi fama da ciwon sanyi da ya hau sama, ko ta samu ciki da robar tazarar haihuwa a mahaifarta, ta fi kowa buƙatar kiyayewa. Amma yana samun wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kafin mota ta iso, a kwantar da mai cikin, a ɗaga ƙafafunta a kan filo, a lulluɓe ta. Kada a ɗura mata kunu ko shayi, domin mai yiwuwa tiyata za a shiga da ita. A nufi babban asibiti kai tsaye, inda ake tiyata da ƙarin jini. Tsayawa a kyamis don a sa mata ledar ruwa ɓata lokaci ne, ruwa ba ya toshe bututun da ya fashe. A kuma tafi da maza biyu ko uku da za su iya ba da jini, don abin da za a fara nema ke nan.

Mataki na biyu: idan babu waɗannan alamu, abin da za ki yi a gida kafin safiya

Ki sa audugar mata, ko tsumma fari mai tsabta. Ƙunzugu mai duhu yana ɓoye yawan jini da kalarsa. Ki lura da lokacin da ya fara, sau nawa kika canza, ja ne jawur ko mai duhu, da gudaji ko babu. Idan wani abu kamar tsoka ya fita, ki sa shi a leda mai tsabta ki tafi da shi, ko aƙalla ki ɗauki hotonsa da waya. Ba daɗin gani, na sani, amma yana taimakon likita.

Kada ki cusa komai a gabanki. Ba matsi, ba kayan mata, ba wanke ciki da ruwan zafi ko bagaruwa. Kada ki sha jiƙo ko sassaƙe da sunan riƙe ciki, ko da daga hannun wadda kike jin nauyinta ya fito. Ki karɓa, ki yi godiya, ki ajiye. Idan marar na murɗawa, farasitamol ya isa: ƙwaya biyu masu nauyin miligiram 500, tazarar awa shida, kada su wuce takwas a yini da kwana. Magungunan ciwon jiki da aka rubuta ibuprofen ko diclofenac a kwalinsu, da asfirin, ki bar su sai in likita ne ya rubuta. Idan kuma akwai maganin da kike sha kullum, na hawan jini ko suga ko farfaɗiya, kada ki yanke shi da kanki, ki tafi da kwalinsa asibiti.

Sai lissafi. Asibiti ba ya ƙirga ciki daga ranar da ya shiga, daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe yake farawa. Wadda al'adarta ta yi jinkirin sati biyu, a wurinsu cikin sati shida ne da ita. Idan ba ki riƙe kwanan watan bature ba, ba komai, ki tuno da abin da ya faru a lokacin: kwana uku bayan ƙaramar salla, ko ranar sunan gidan wance. Za su juya shi.

Abu na ƙarshe a daren nan, ki faɗa wa maigida, ku gama maganar kuɗi da abin hawa tun yanzu. Idan matafiyi ne, ko kasuwa ke riƙe shi har dare, ki nemi izini guda da zai tsaya: duk sanda kika ga jini ko ciwo, ki fita ba sai an same shi a waya ba. Mata nawa ne suka galabaita a ɗaki ana ta kiran layin da ba ya shiga. Lambar mai A Daidaita Sahu ko direban unguwa ta kasance a wayarki, ba a tasa kawai ba.

Mataki na uku: zuwa asibiti, da abin da za ki faɗa

Ko jinin ya ɗauke da safe, ki je. Ɗaukewarsa ba ta amsa tambayar inda cikin ya zauna ba. Kada kuma ki ce ai ba ki fara awo ba, ko a ce miki sai ciki ya yi wata huɗu ake yankar kati. Wannan ba layin awo ba ne, sashen gaggawa na mata za ki nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun a 2016 ta ce zuwan farko ya kasance cikin makonni 12 na farko.

Ki zaɓi wurin da ake yin hoton ciki, wanda aka fi sani da sikanin, kuma akwai likita ko ƙwararriyar ungozomar asibiti da za ta karanta sakamakon ta haɗa shi da yanayinki. Shagon hoto na bakin titi, inda za a miƙo miki takarda a ce ki je, bai wadatar ba shi kaɗai.

Za su tambaye ki yaushe rabonki da al'ada, ciki na nawa ne wannan, kin taɓa ɓari, an taɓa yi miki tiyata, ko jinin ya biyo bayan kwanciyar aure ne, me kika sha. A nan kunya ba ta da amfani. Idan kin sha wani abu, na gargajiya ko na kyamis, da sani ko da rashin sani, ki faɗa, domin maganin da za su ba ki ya dogara da hakan. Idan uwar miji ce ta rako ki kuma bakinki ya yi nauyi a gabanta, ki raɗa wa nas kina son ganin likita ke kaɗai. Sun saba, su za su san yadda za su ce Hajiya ta ɗan jira a waje.

Mataki na huɗu: gwaje-gwaje, da fassarar abin da hoto ya nuna

Za a auna jininki da bugun zuciya, a gwada fitsari don tabbatar da cikin da duba ko akwai ƙwayar cuta, a ɗebi jini a ga yawansa da rukuninsa. Idan da zazzaɓi, a yi gwajin maleriya, don zazzaɓin cizon sauro na cikin abubuwan da ke jawo ɓari a ƙasashenmu, kuma akwai maganinsa da ya dace da ƙaramin ciki. Mai yiwuwa a duba bakin mahaifa da ɗan ƙarfe ko roba. Sau da yawa a nan ake gano jinin ma ba daga wurin ɗa yake ba: ciki yana sa bakin mahaifa ya yi taushi ya cika da jini, abu kaɗan ya taɓa shi sai ya yi tsartuwa, ko a tarar da ɗan tsiro, ko ciwon sanyi.

Hoto iri biyu ne. Na kan mara yana son mafitsara a cike, shi ya sa ake cewa ki sha ruwa. Na ta gaba kuwa ya fi gani da kyau a ƙaramin ciki, yana riga na mara da kusan sati guda. Ba ya taɓa ɗa, ba ya jawo ɓari, kuma kina da damar ki nemi mace ta yi miki ko ta tsaya a wurin. Da shi ana fara ganin jakar ciki wajen sati 5, bugun zuciya kuma wajen sati 6.

Amsar yawanci takan zama ɗaya daga cikin waɗannan. Ta farko, ciki yana cikin mahaifa, zuciya na bugawa, bakin mahaifa a rufe. Wannan albishir ne na gaske: a irin wannan hali kusan ciki tara cikin goma suna ɗorewa. Wani lokaci za a ce an ga jini ya taru a gefen jakar. Yawanci jiki ne ke shanye shi, ko ya riƙa fita a hankali da duhunsa har tsawon makonni.

Ta biyu, an ga jaka a mahaifa amma ba a ga bugun zuciya ba tukuna. A nan ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa, don haka ki buɗe kunne. Idan lissafinki ya zarce da sati ɗaya kacal, abin da ke faruwa sosai ga mai shayarwa ko wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, to lafiyayyen ciki ma haka zai nuna. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce ba a cewa ciki ya lalace sai tsawon ɗan tayin ya kai milimita 7 babu bugu, ko faɗin jakar ya kai milimita 25 babu komai a ciki. In bai kai haka ba, a sake hoto bayan sati ɗaya zuwa biyu. Muddin ba jini ne ya ɓalle ba, ba kuma zazzaɓi, kada ki yarda a yi miki wankin ciki a kan hoto ɗaya da ake kokwanto. Ki tambaya da ladabi: "Likita, an tabbatar ne, ko za a iya sake dubawa?"

Ta uku, gwaji ya nuna ciki amma ba a gan shi ko'ina ba. Ko dai ya yi ƙanƙanta, ko ya riga ya fita, ko yana waje. Za a auna sinadarin ciki da ake kira hCG a jini sau biyu, tazarar awa 48. Idan ya kusa ninkawa, alama ce ta ciki mai tasowa. Idan ya faɗi ƙasa sosai, cikin na ƙarewa ne. Idan ya tsaya cak ko yana jan ƙafa, za a zargi na wajen mahaifa. Wannan ita ce amsar da ba a wasa da ranar komawa a kanta, ko da kin ji garau.

Abu biyu za ki tambaya kafin ki fita. Na ɗaya rukunin jininki: idan nagetif ne, ki ji ko kina buƙatar allurar anti-D, wadda ake yi cikin awa 72 don kare cikin gaba, musamman in an yi wankin ciki ko tiyata. Na biyu maganar maganin riƙe ciki. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2019, a kan mata sama da 4,000 masu zubar jini a farkon ciki, ya nuna sinadarin furojestaron, wanda ake bayarwa don riƙe ciki, bai canza abu mai yawa ba ga wadda ba ta taɓa ɓari ba. Amfaninsa ya fito ne ga waɗanda suka taɓa yi, ya fi kuma bayyana ga masu uku ko fiye. A kan haka ne hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce a 2021 a riƙa ba da shi ga mai zubar jini da ta taɓa ɓari, bayan hoto ya tabbatar cikin na mahaifa, ta ci gaba har sati 16. Kin ga ke nan ba allurar da za a tsaya a yi a kyamis ba ce. Yin ta ba hoto yana iya sa a saki jiki alhali cikin a bututu yake.

Mataki na biyar: kwanakin jira

An ce ki dawo bayan kwana goma. Faɗarsa ba wuya. Wadda ta taɓa zaman nan ta san dare ɗaya ma shekara ne.

Za a ce ki kwanta kada ki motsa. Ki huta idan jikinki na so, kuma in an samu mai karɓar miki surfe da ɗiban ruwa, alhamdu lillahi. Amma bincike bai nuna kwanciya tana hana ɓari ba. Na faɗi haka ne don wani dalili: matar da aka ce wa kwanciya ce magani, idan cikin ya fita, sai ta ɗora wa kanta laifin tashin da ta yi ta dafa wa yara abinci. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne, waɗanda ba su haɗu daidai ba tun ranar farko, tun kafin ki san kina da ciki. Ba shara ba ce, ba hawan babur ba ne, ba faɗan da kuka yi ba, ba kuma kukan da kika sha ba. Damuwar da kike ciki yanzu ma ba za ta fitar da lafiyayyen ciki ba, kada ki ƙara wa kanki damuwar cewa kin damu. Kwanciyar aure ba ta jawo ɓari, sai dai an fi so a dakata har jinin ya ɗauke. Ki ci gaba da shan ƙwayar folik asid kullum, ki kwana a gidan sauro.

Sai yaƙi da saƙe-saƙen zuciya. Abin da ya fi cinye mata shi ne dubawa: kowane minti goma an shiga banɗaki. Kowace dubawa tana kawo sanyi na ɗan lokaci, sannan tsoron ya dawo da ƙarfinsa. Ki ɗaure abin da lokutan salla. Sau biyar a rana kina kama ruwa, ki duba a nan, ki wuce. Jinin da ya kai a ruga asibiti ba ya buƙatar leƙe, za ki ji shi.

Kada ki ɓata kuɗi kina sayen tsinken gwajin fitsari kullum. Sinadarin yana daɗewa a jiki har makonni ko da ciki ya lalace, don haka layi biyu ba su tabbatar da komai ba. Haka laulayi: yau amai, gobe garau, duk a lafiyayyen ciki ana haka. Waya kuwa, ki sa mata iyaka. A zaurukan WhatsApp da Facebook kowa da labarin da ya fi tayar da hankali yake zuwa, ga masu tallar magani suna jira a gefe. Wadda ta ga jini ta haihu lafiya ba ta cika dawowa ta ba da labari ba, tana can tana fama da goyo.

Idan tsoro ya taso miki ƙirji ya cushe, ki zauna, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, kamar sau goma. Fitar numfashi mai tsawo tana rage gudun zuciya. Mai carbi ta haɗa da zikirinta, kowace fita da "Hasbunallahu wa ni'imal wakil". 'Yar'uwa Kirista ta riƙe addu'ar da ta saba. Da dare idan tunani ya hana barci, ki tambayi kanki: akwai abin yi a kan wannan yanzu? Idan akwai alamar haɗari, a tashi a tafi. Idan babu, kin riga kin yi naki, ranar komawa na nan a rubuce.

Ki kuma zaɓi mutum ɗaya bayan maigida, mahaifiya ko yaya ko aminiya, mai riƙe sirri wadda ba ta da ruruta abu. Ɓoye ciki ga duniya daban, ɗaukar wannan kaya ke kaɗai daban.

Akwai tambayar da ke damun mata da yawa ba sa iya yi wa likita: salla fa? Malamai sun saɓa. A Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, mai ciki tana iya yin haila. Hanafiyya da Hambaliyya kuwa suna ɗaukar jinin mai ciki a matsayin jinin ciwo, wanda ba ya hana salla. Ki tambayi malamar Islamiyyarku ko malamin da kika yarda da shi, ki bi abu ɗaya hankalinki ya kwanta. Amma ki lura, ko an kira shi haila ta fuskar ibada, wannan bai mayar da shi abin da za a zauna da shi a gida ba. Hukuncin salla daban, ganin likita daban.

Maigida, kai ma ga naka. Ba a son "ki daina sa abu a ranki", ba a son "ai na hana ki aikin nan". Ka raka ta, ka riƙe ranar komawa, ka tare mata tambayoyin dangi. In ba ka san abin faɗa ba, "sannu" da zama kusa sun isa.

Mataki na shida: idan aka tabbatar ɓari ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kusan ciki 15 cikin 100 da aka san da su a haka suke ƙarewa, amma yawan masu shi bai rage wa kowace zafin nata ba.

Idan komai ya fita, ba sauran aiki. Idan da saura, hanya uku ce: a jira jiki ya fitar da kansa cikin sati ɗaya zuwa biyu, ko a ba ki magani irin su misoprostol a ƙarƙashin kulawar asibiti, ko a yi wankin ciki da 'yar na'urar zuƙa, aikin 'yan mintoci. Idan jini ya yi yawa ko cuta ta shiga, wankin ne kawai. In ba haka ba kina da ta cewa, kuma ki nemi maganin kashe zafi kafin a fara, haƙƙinki ne.

A nan dole in taɓo maganar kwantaccen ciki. Mace ta ga jini, laulayi ya ɗauke, ciki ya ƙi girma, sai a ce ya kwanta ne, zai tashi. A likitance ɗan tayin da ya daina girma ba ya farfaɗowa. Abin da ke kwance yana iya zama cikin da ya mutu bai fita ba, ko wani nau'i da mabiyiya ke rikiɗa ta zama ƙulle-ƙulle masu ruwa kamar 'ya'yan inabi, wanda ke buƙatar wanki da bibiya ta watanni. Hoto ne zai raba gardama.

Bayan ɓari jini yakan yi sati ɗaya zuwa biyu yana raguwa. Idan ya ƙaru, ko wari, ko zazzaɓi, ki koma. A dakata da kwanciyar aure sai ya ɗauke. Bayan sati uku ki yi gwajin fitsari; in har yanzu yana nuna ciki, a sake duba ki. Ki sha maganin ƙarin jini idan an ba ki, ki ci zogale, alayyafo, wake da hanta. Al'ada takan dawo cikin sati huɗu zuwa takwas, amma ana iya ɗaukar wani cikin tun kafin ta dawo, don haka idan ba ki shirya ba ki yi maganar tazara kafin a sallame ki.

Za ki ji "ai jini ne kawai", za ki ji "ba rabo". Masu faɗa da kyakkyawar niyya suke yi. Yarda da ƙaddara ba ta hana hawaye. Wani bincike a Landan da aka fitar a 2020 ya samu cewa wata ɗaya bayan rasa ƙaramin ciki, kusan mace ɗaya cikin uku na fama da alamun firgici mai tsanani, bayan wata tara kuma kusan ɗaya cikin shida ba ta rabu da shi ba. Idan makonni sun wuce ba barci, ba cin abinci, ba kya iya kula da yaranki, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa, ki faɗa wa likita a ranar. Ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba.

Mafi yawan matan da suka yi ɓari ɗaya suna haihuwa lafiya a cikin da ya biyo. Idan ya kai biyu ko uku a jere, ki nemi ganin likitan mata a yi bincike, a duba suga, maƙoƙo, daskarewar jini da siffar mahaifa. Wadda aka yi wa maganin cikin wajen mahaifa da allurar methotrexate ta jira wata uku kafin ta sake ɗauka. Takardun hoton nan da na gwaji, ki adana su a leda ɗaya. Ranar da tsinke ya sake nuna layi biyu, ki ɗauko su, ki je tun cikin na sati shida zuwa bakwai, ki ce wa nas: "Na taɓa ganin jini a cikin baya, ina so a duba min inda wannan ya zauna."